Tun da Aka Rushe Rumfarki Ban Ƙoshi Ba

Zuwa ga sanyin idona, raɓar safiyata, inuwar da nake nufa in rana ta yi min yawa. Zuwa ga barewar da ta ratsa ta gabana sau ɗaya ta bar ni ina bin sawu shekara uku. Zuwa ga mai hannun da in ya taɓa tukunya sai mai wucewa ya rage tafiya, mai dariyar da ke sa mutum ya manta fushin da ya taho da shi. Zuwa gare ki, ke kaɗai, da ba ni da ta biyunki kuma ba na nema.

Sallama irin ta mai laifi, gaisuwa irin ta wanda kewa ta hana zama wuri ɗaya. Ina fatan kina lafiya, ke da Yaya da matarsa da yara. Ki gaishe min da Yaya, in har yanzu ana yarda a ambace ni a tsakar gidansa.

Ina rubuta miki ne daga saman hasumiyar tsaro da ke bakin tafki, rana ta take tsaka, takarda a kan gwiwata, iska tana neman ƙwace ta. A ƙasa giwaye bakwai suna watsa wa juna ruwa, ko a jikinsu. Balbelu sun zagaye su, kada ya baje a kan yashi ya hangame baki kamar ba shi da wata damuwa a duniya. Duk abin da ke cikin gandun dajin nan ya sami wurin zamansa, sai ni. Na zauna, na tashi, na leƙa gabas, na leƙa yamma, na sake zama. Yau kwana arba'in da uku da tafiyarki. Na hau tudun nan da muke samun sabis na kira wayarki har duwatsun wurin sun gane takuna. Tana shiga, ba a ɗauka. Ban ga laifinki ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, don na san halinki: ba kya yaga abin da ba ki karanta ba.

Na san da kina gabana, ko da fushi ya cika ki har wuya, tambayar da za ta fara suɓuce miki ita ce ko na ci abinci. To bari in amsa tun kafin ki tambaya. Ina ci, masoyiyata. Ina ci kamar yadda ake zuba wa mota mai. Na zagaye duk inda ake ɗora tukunya a dajin nan da gefensa, na zauna a kan kowane benci, na riƙe kowane irin cokali, amma tun ranar da aka rushe rumfarki ban tashi daga gaban kwano na ce na ƙoshi ba.

Na fara da ɗakin cin abincin ma'aikata, wurin kukun nan da kika laƙaba wa suna Gishiri. Yana nan yadda kika san shi: dogayen benci guda biyu, fankar sama da ke kuka kamar ana yanka ta, kalandar bara a bango. Shinkafarsa ranar Litinin tsakuwa ce, ranar Talata kuma ta caɓe. Wakensa kuwa, in ka jefi zabo da ƙwaya ɗaya sai ya faɗi. Amma ba abincin ne ya kore ni ba. Makon farko in na shigo sai hira ta mutu, ka ji ƙarar cokula kawai. Mutum goma sha biyu da suka saba karyawa a rumfarki, kowa ya sunkuyar da kai a farantinsa, bencin da na zauna ya zama nawa ni kaɗai. Gishiri ya dangwarar min da faranti ya ce, "Ga naka, mai rahoto. Ci a hankali, kada ni ma ka rubuta ni." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma loma ɗaya na yi na ture farantin.

Sai na ce bari in gwada gidan abincin masaukin baƙi, can kan dutse, inda ake shimfiɗa farin ƙyalle a tebur. Na wanke kakina, na goge takalmi, na je na zauna kamar wanda aka kira jarrabawa. Cokali uku a dama, biyu a hagu, ban san da wanne ake farawa ba. Aka kawo min yankan kifi da bai kai tafin hannun jariri ba, an ɗora masa ganye ɗaya a ka kamar hula. Baƙi suna ɗaukar abincinsu hoto kafin su ci. Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba: ta gilashi kana hangen kwarin gaba ɗaya, garken ɓauna yana tafe a jere, rana tana sauka a bayansu kamar garwashi. Amma teburin na mutum biyu ne, hasken raina! Duk lokacin da na ga abin dariya sai in ɗaga kai in faɗa miki, in tarar da kujera ba kowa. Wa zan nuna wa hular kifin? Wa zai taka min ƙafa ta ƙarƙashin tebur ya ce in rage murya? Na tashi ban ƙarasa ba. Mai kawo abincin ya biyo ni har ƙofa yana tambaya ko wani abu ya ɓata min rai. Me zan ce masa?

Akwai kuma mai shayin mararraba, wajen gandu, tafiyar rabin awa a babur. Burodinsa sabo ne, ƙwansa ba laifi. Sai dai kafin in isa wurinsa dole in fita ta babbar ƙofa, in wuce ta gindin bishiyar nan. Duwatsun murhunki uku suna nan, baƙi ƙirin. Ramukan ginshiƙai huɗu ciyawa ta fara rufe su. Ƙusar da kike rataye ludayi tana jikin bishiya, ta soma tsatsa. Kullum sai in ce yau ba zan kalla ba, kullum sai wuyana ya ci amanata. In na isa kuwa, dattijon bai gama zuba ruwan zafi ba zai ce, "Ɗana, ina mutuniyar? Shiru haka?" In ce tana lafiya, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ƙara min sukari cokali ɗaya ban roƙa ba, kamar mai ba marar lafiya magani.

A sintiri ma dai kin sani, kifin gwangwani ne da biskit, da wake mai ɗanɗanon toka, a tsaye ake ci, kunne ɗaya yana wajen wayarmu ta oba-oba. Can ne kaɗai nake ɗan samun sauƙi, don ba wanda ya taɓa zuwa daji da niyyar jin daɗin abinci. Na ma gwada girki a ɗakina sau ɗaya. Ƙaramar tukunyar da kika ara min, ki yafe ni, gindinta ya tafi. Na tsaya ina tunaninki a bakin taga, sai maƙwabcina ne ya bugo ƙofa yana tambaya ko gobara ce.

Kin tuna ranar farko? Ni ban manta ko ɗigon ruwa ɗaya na ranar ba. Mun dawo daga sintirin kwana huɗu, ruwan sama ya yi mana dukan tsiya tun daga gada, na iso bakin ƙofa da la'asar ina rawar ɗari, cikina kamar an share shi da tsintsiya. Kin riga kin kife tukwane, kin naɗe tabarma. Na tsaya a bakin rumfa ina ɗiga, ban ma iya tambaya ba. Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Malam, in za ka shigo ka shigo, amma ka cire takalman nan, kana jiƙa min wuri." Kika buɗe wata 'yar kula da ke ɓoye a bayan buhu, kika tura min. Sai da na cinye ta tas, na suɗe cokali, sannan na lura ba ki ci komai ba, kina kallon ruwa kina karkaɗa ƙafa. Naki ne kika ba ni. Da na fara kame-kamen ban haƙuri, kika yi dariya kika ce ba ki taɓa ganin sarkin yunwa ido da ido ba sai ranar. Wayyo, wannan dariya! Ta shige ni kamar yadda ruwan farko ke shiga busasshiyar ƙasa, har yau ƙamshin bai bar ni ba.

Daga ranar na zama ɗan rumfa. Na san ƙarar wuƙarki a kan katako tun daga shingen ƙofa. Na san in kin ɗaura ɗankwali ta baya ranar akwai baƙi da yawa, in kin ɗaura ta gefe ranar akwai hira. Ranar da na ce miki ina so in turo manyana wurin Yaya, kina yanka albasa, kika ƙi ɗagowa, hawaye yana zuba, kika rantse albasar ce. Na leƙa kwanon, albasa ɗaya ce tak, ita ma ba ki kai rabinta ba. Kurciyata, wace irin albasa ce wannan?

Yanzu bari in zo inda nake ta kewayewa, don na ga alama in na biye wa alƙalamina sai takarda ta ƙare ban taɓa ciwon ba.

Ke shaida ce, ni ma shaida ne, ba ke kika jawo birai bakin ƙofa ba. Ke da kike binne ragowar abinci, kike rufe kwandon shara da dutse, kike bin su da ludayi kina yi musu faɗa kamar 'ya'yan maƙwabta! Baƙi ne ke jefa musu burodi ta tagar mota don su ɗauki hoto. Amma biri bai san wannan bambancin ba. Ƙamshi ya sani, ƙamshin kuwa daga tukunyarki yake fitowa. Babban gwaggon birin nan da kike kira Mai Unguwa, wanda ke zama a kan ginshiƙin ƙofa yana duba masu shiga da fita, shi ne ya fara daina tsoron mutane. Ranar da ya fizgi ledar hannun dattijuwar nan baƙuwa, ta ƙi saki, ya kafa mata haƙori, ni na ɗaure mata hannun da rigata. Na ga ƙashi, masoyiyata. Tana ta ce min, "Ɗana, kada ka gaya wa jikokina, za su ji tsoro." Har muka isa asibiti jininta bai bushe a tafina ba.

Shugaban gandu ya ce in rubuta rahoto, tunda ni ke kula da wannan shiyya. Na rubuta. Na ce muddin ana girki a fili a bakin ƙofa, birai ba za su bar wurin ba, kuma wata rana ƙaramin yaro za su samu. Na sa hannu da wannan hannun da nake rubuta miki yanzu. Ba zan yaudare ki don ki dawo ba: in aka sake ba ni takardar, abin da zan sake rubutawa ke nan. Wannan ba shi ne laifina ba.

Laifina shi ne mako biyun da suka biyo baya. Mako biyu ina zuwa rumfarki safe da rana, ina zama a bencina, ina karɓar kwano daga hannunki, maganar tana cikin ƙirjina kamar na haɗiye dutse. Kullum in ce yau zan faɗa mata, sai in ga kina waƙa kina juya miya, sai in ce bari sai gobe. Har kika lura. Kika ce, "Yau ba ka nemi ƙari ba, lafiya?" Na ce cikina ne. Kika dafa min ruwan citta, kika tsaya a kaina sai da na shanye. Kaico! Ni da nake tunkarar mafarauta masu bindiga a tsakiyar daji, na kasa tunkarar mace ɗaya mai ludayi. Ina gaya wa kaina wai tausayinki nake ji. Ƙarya ne. Tsoro nake ji kada fuskarki ta canza min, kada in rasa bencina ko da na kwana ɗaya ne. Kaina na tausaya wa, ba ke ba.

Sai ga safiyar nan. Kin zo da kayan miya a kai, kika tarar an manna takardar umarnin tashi a ginshiƙi, da hatimin ofis, da sunana a ƙasa. Kika karanta a tsaye, kayan suna kanki ba ki sauke ba. Sannan motarmu ta iso, ni ina cikin waɗanda aka turo su kwance kwanon rufi. Na yi zaton za ki yi ihu, ki zage ni gaban mutane, ki jefe ni da murfin tukunya. Wallahi da na fi son haka. Sai kika sauke kayan a hankali, kika fara haɗa cokulanki goma-goma kina ɗaurewa da roba kamar kowace rana. Da na matso zan ɗaukar miki babbar tukunya, kika riƙe kunnenta ɗaya, na riƙe ɗaya, kika dube ni kika ce, "Da ka faɗa min." Shi ke nan. Kalma huɗu. Na sha jin rurin zaki a kusa, bai taɓa razana ni irin haka ba.

Kwana uku bayan tafiyarki aka ce a harbe Mai Unguwa, don ya koma bin motoci yana buɗe ƙofa. Ni aka ba bindigar. Yana zaune a wurin da rumfarki take, yana tona toka da yatsa. Bai gudu ba. Ya san ni. Na faɗa miki wannan ne don kada ki ji a bakin wani.

Tun daga nan na kasa zama. In na shiga ɗaki, bango ya matse ni. In na fita, fili ya yi min yawa. Zuciyata ta zama kamar tsuntsun da ya shiga ɗaki ta taga ya rasa hanyar fita, ya bugi nan, ya bugi can. Ina ganin ki a komai. Gada ta ɗaga kai daga ciyawa, in ga wuyanki. Hadari ya haɗo ta gabas, in ga girarki ranar da na zo a makare. Ruwa ya sauka a kan ganye, in ji hannunki yana tsince shinkafa a tire. Har abokin sintirina ya fara karɓe min taswira, wai kada in kai mu gidan Yayanki.

Da na ga haukan ba zai kai ni ko'ina ba, sai na nemar masa aiki. Kin san tsohon siton nan da ke bayan garejin motoci, cikin shinge, kusa da gidajen ma'aikata? Ginin bulo ne, ƙofarsa ta ƙarfe, biri ko ya kai ƙaton wa ba ya buɗe ta. Sau shida ina zuwa ofishin Shugaba. Na farko ya ce ba ya son jin zancen. Na uku ya ce zai duba. Na shida ya cire tabarau ya ce, "Kai dai ba za ka bar ni in sha iska ba, ko?" Ya ce shi ma tun da kika tafi maganin ciki yake sha. Ya sa hannu.

Jemagu na fara kora, sun fi ɗari. Na kwashe tsofaffin tayoyi, na wanke ƙasa sau biyar, na shafe bango da farin fenti har gashina ya yi furfura. Kafintan gandu, wanda ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata, ya leƙo wata rana ya ga yadda nake buga ƙusa a karkace, ya yi tsaki, ya karɓe gudumar. Shi ya sa wayar raga a tagogi, ya haɗa tebur uku da kanta. Masu gyaran mota suka jawo famfo har bakin ƙofa. Gishiri da kansa ya kawo tsohuwar randa, yana cewa gara ki dawo a daina zaginsa. Yanzu in na shiga ɗakin cin abinci ana matsa min a benci. Ba don ni ba ne, na sani. Darajarki nake ci.

Amma ga abin da ya hana ni numfashi. Shugaba ya ce zuwa ƙarshen wata in ba ki zo kin karɓi makulli ba, zai ba mutanen masauki su mai da shi wurin ajiyar lemo. Saura kwana goma sha ɗaya. Kuma Kawu Direba, mai motar da ke kawo mana kayan abinci daga gari, ya ce ya ji a unguwarku an samar miki aikin girki a wata makarantar kwana, can nesa, tafiyar yini guda, kuma Yaya ya ce ki karɓa. Tun da na ji, ƙasa ta daina tsayawa a ƙarƙashin ƙafata. Yini guda! Wace hasumiya zan hau in hango ki? Wane tudu ne sabis ɗinsa zai kai can?

Ki saurare ni, farin watana. Takardar ɗakin da sunanki aka rubuta, ba da nawa ba, kuma babu inda aka ce sai kin yafe min. Sana'arki ce da aka katse, ina so ta koma hannunki. In kin ga dama ki dawo ki buɗe, ki ciyar da kowa, ni ki hana ni shiga. Zan ci gaba da tauna tsakuwar Gishiri har haƙorana su ƙare, ba za ki ji ƙorafina ba. Haka na shirya in rubuta, kuma gaskiya ne. Amma in na tsaya a nan na sake ɓoye miki rabin magana, ni kuwa na tuba da wannan. Ina son ki dawo don ni! Ina son in shigo a jiƙe ki yi min faɗan takalmi. Ina son manyana su koma wurin Yaya su ƙarasa abin da suka fara, in ya ce in durƙusa a ƙofar gidansa tun safe har la'asar, in durƙusa. Ina son in tsufa a gefenki, in zama tsohon da yara ke yi wa dariya don ba ya iya cin abincin kowa sai na matarsa. Na yi miki alkawari, ba na cewa ba zan sake kawo miki labari mai ɗaci ba, aikin nan namu ba ya rabuwa da shi. Amma daga bakina za ki fara ji, ranar da na sani, ko da tukunya tana kan wuta, ko da kina tsakiyar waƙa.

A nan na tsaya jiya, don an kira ni a oba-oba, an ga tarko a mashayar dabbobi. Na linke takardar na sa a aljihu da niyyar in rufe ta yau. To ga abin da ya faru.

Da hantsi Kawu Direba ya shigo da kaya. Ina taya shi sauke buhuna sai na ga yana ta sosa ƙeya yana kauce wa idona. Da na matsa masa, ya ce in yi haƙuri, bakinsa ya riga takardata: tun makon jiya ya biya ta gidan Yaya ya fesa miki labarin ɗakin gaba ɗaya, har da jemagun. Ya ce ranar kina tsince wake, ko kai ba ki ɗaga ba. Na juya zan wuce da buhun da na ɗauka. Sai ya ce in tsaya, bai gama ba. Jiya da ya sake wucewa ta layinku, har ya tada mota, sai ga ki kin fito da mayafi a hannu ba ki ma yafa ba, kika ƙwanƙwasa gilashi. Kika ce, "Kawu, ɗakin nan da ka ce, hayaƙi yana da wurin fita?" Ya ce bai sani ba. Kika ce to, kika juya.

Rabin raina! Buhun da ke kafaɗata ban san inda na yar da shi ba. Na ruga har siton, na buɗe, na tsaya a tsakiya ina kallon sama kamar ban taɓa shiga ba. Mako uku ina aiki a ɗakin nan, na auna kowace kusurwa, na yi tunanin biri, na yi tunanin ɓera, na yi tunanin inda za ki rataye ludayi. Hayaƙi kuwa ko sau ɗaya bai zo min a rai ba. Babu, masoyiyata. Ba shi da wurin fita. Da kin hura wuta a ciki yau, da sai an fito da ke ana yi miki fifita. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, hawaye yana bin fuskata, har Kafinta ya leƙo ya tambaya ko kunama ce ta harbe ni.

Da na gaya masa, ya ce ai abu ne mai sauƙi, a fasa bango ta sama a sa bututu, kafin azahar an gama. Ya ɗauko guduma, ya jingina tsani a bangon gabas. Mai gyaran mota ya ce a'a, yamma ya fi, iska daga can take kaɗawa. Gishiri ya ce dukansu ba su san wuta ba, a fasa rufi. Suna ta musu, ni ina tsaye, sai na ga abin da nake shirin yi: in sake yanke hukunci a kan wurin girkinki ba ki nan. Na karɓi gudumar daga hannun Kafinta na ce kowa ya tafi aikinsa, mai ɗakin ba ta zo ba.

Ga shi nan, bangon lafiyarsa ƙalau, fari fat, ba a taɓa shi ba. Ke kika san inda za ki kafa murhu, ke kika san ta inda hayaƙinki ke son bi. Kawu zai kawo miki wannan takarda gobe, zai kuma juyo ranar Alhamis da safe. Ya ce kujerar gaba ba zai ɗora mata ko kwali ba. Ba sai kin zo da tukwane ba, ba sai kin yi min magana ba. Ki zo ki tsaya a tsakiyar ɗakin, ki ɗaga yatsa ki nuna min wurin, ni kuma in fasa.

Naki jiya da yau, naki ko kin zo ko ba ki zo ba, wanda ba zai miƙa zuciyarsa ga wata ba muddin yana numfashi,

mai jiranki a bakin ƙofa ranar Alhamis, da guduma a hannu.